Kujerar Gefen Direba

Litinin, hutun ƙarfe goma, bayan injin guga

Na karɓi littafin nan a hannun 'yata Ummi da sunan zan riƙa zana alamomin titi ina haddacewa. Ga shi tun a shafin farko na saki hanya. Bari dai in sauke abin da ke damuna kafin shayin nan ya huce.

Ranar Juma'a matar ofishin asibiti ta zaunar da ni. Mace ce mai kirki, amma na lura ba ta miƙo mini ruwa sai in da magana a bakinta, shi ya sa da na ga kofi a hannunta gabana ya faɗi. Ta ce ƙarshen watan gobe suna buƙatar gadon da Baban Ummi yake kai. In akwai mai lasisin tuƙi a cikin gidanmu da zai riƙa kai shi wurin gashin ƙashi sau uku a mako, gida zai dawo. In babu, za su mayar da shi gidan jinya a wani gari, tafiyar rabin yini a jirgin ƙasa. Wurin gashin yana can bayan gari inda bas ba ta zuwa. Motar asibiti kuwa, masu jiranta sun yi layi har baɗi.

Ummi ce take juya mini maganar, don har yanzu yaren ƙasar nan in ya zo da gudu tsere mini yake yi. Shekararta goma sha shida. Ta faɗi “gidan jinya” idonta a kan takalminta.

Na ce zan yi lasisin. Matar ta ce, “Kin taɓa tuƙi?” Na ce na fara koyo. Ba ƙarya na yi ba. Bara na fara, na yi wata biyu na watsar. Shi ne ma ya riƙa zolayata, wai mace ta auri direba sukutum kuma tana neman lasisi, ko korarsa zan yi daga aiki?

Motarsa tana nan ƙasan bene inda wansa ya ajiye ta tun ranar. Ganye ya cika gilashin. In zan fita ta ƙofar baya nake bi.

Laraba, a bas, da yamma

Mutanen ƙasar nan sun ɗauki titi kamar makaranta. Alama don barewa, alama don ƙanƙara, alama don ta gaya maka cewa alamar da ka wuce ta ƙare. Ummi na yi mini tambayoyi daga wayarta ina cankar amsa. Wai in ka zo mararraba babu kowa, ko kare babu, dole ka tsaya cak. Na ce wa za a tsaya wa, aljanu? Ta ce, “Mama, ba a tambayi ra'ayinki ba, amsa za ki zaɓa.” Bakin ubanta ta ɗauko kaf.

Shi ma fa sau biyu ya faɗi jarrabawar nan da muka zo. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana jan babbar mota a gida! Na farko hon ne ya kayar da shi, don ya ga ɗan garinmu a bakin titi ya danna masa gaisuwa. Na biyu hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a taga yana shan iska. Ya dawo gida yana huci, wai yaron da ya kayar da shi ko canjin taya bai iya ba. Na yi dariya ranar har da riƙe ciki. Ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Alhamis, bayan azahar

Na je. Na ɗauke kujerar bakin gadonsa na zagaya da ita ɓangaren taga. Ya ci abinci kaɗan. Da sauƙi.

Asabar, da hantsi

Na koma wurin Anti Mai Mota, wadda na fara koyo a hannunta bara. 'Yar ƙasarmu ce, ta daɗe a nan har gashinta ya fara fari, cingam ba ya barin bakinta. Tun farko don mace ce na zaɓe ta. Da ta gan ni ta riƙe haɓa. “Ah, ɗalibar da ta gudu! Me ya dawo da ke, ko Direban naki ya ƙara kuɗin mota?” Na gaya mata a taƙaice. Ta tofar da cingam ɗin a takarda ta ce, “Shiga. Gyara madubi.”

Hannuna bai manta ba ashe. Na kashe mata mota sau ɗaya kawai a danja. Abin da ta fi nanatawa shi ne waiwaye. Madubi, sigina, waiwaye. Kafin ki canza hannu, kafin ki shiga kwana, sai kin juya kanki gaba ɗaya kin leƙa ta kan kafaɗa, don akwai wurin da madubi ba ya nunawa, mai keke zai iya ɓuya a ciki. Kuma wai ba a yin sa a ɓoye. “Ki juya har mai jarrabawa ya ji ƙarar wuyanki,” in ji ta. Na juya dama, na ga kuncinta da ɗankunnenta, na leƙa bayanta. Ta ce da kyau, wannan kam ba matsalata ba ce, matsalata ribas.

Lahadi, bayan la'asar

Dangi sun cika mini waya da saƙon murya. Kowa ya jiki, ya jiki. Na amsa guda tara, duk “da sauƙi” nake cewa. Har bakina ya iya faɗinta ba tare da ya shawarce ni ba.

Yayarsa ta ce in ɗauko hotonsa in turo su gani. Na ce asibitin sun hana.

Talata, hutun rana

Zannuwan gadon otal ba sa ƙarewa. Ki ciyar da injin da ɗaya, ya tofo miki shi a miƙe, wani ya taso. Yau ina kama bakin zani ina karanta nisan da ake bari tsakanin mota da mota in ana ruwa, har shugabar sashenmu ta tambaya ko addu'a nake yi. Na ce eh. Ai kusan haka ɗin ne.

Ina jin tsoro. Na rubuta a nan don ba ni da wanda zan gaya wa. In na gaya wa Ummi ta daina cin abinci, in na gaya masa ban san me zai yi da maganar ba.

Juma'a, da rana

Na ci jarrabawar rubutu! Ummi ta daka tsalle a gaban mutane, ni kuwa sai da na nemi benci na zauna.

Muka wuce asibiti kai tsaye. Na zagaya da kujerar ɓangaren taga na gaya masa. Maganarsa tana fita yanzu, a hankali, kamar mai magana da ruwa a baki, amma in ka saba kana ji. Ya ce, “Saura... ta gaske.” Na ce ai ba zan danna wa kowa hon ba, ni ba irin wasu ba ce. Ya yi dariya. Na kalli labule har ya gama.

Litinin, da safe

An ba ni ranar jarrabawar titi, Alhamis ta sama. Anti ta ce ribas ɗina ya daina ba ta hawan jini.

Laraba, bayan magariba

Na goge kayan da zan sa gobe sau biyu. Ni da nake guga tun safe.

Alhamis

Ba zan rubuta komai ba yau.

Juma'a, bayan sallar asuba

To. Na faɗi.

Ban taka layi ba, ban kashe mota ba, fakin ɗin da na yi ko Anti sai haka. Na tsaya wa aljanu a kowace mararraba. Da muka dawo harabar har na fara yi wa Allah godiya a zuci. Sai mai jarrabawar ya rufe alƙalaminsa ya yi magana a hankali don in gane. Ya ce hannuna yana da kyau. Ya ce amma tun da muka fita ban waiwaya dama ba ko sau ɗaya. Hagu ina yi, dama babu. Ya ce a kwana ta biyu akwai mai keke, Allah ne ya sa ya ja burki.

Ban ga wani mai keke ba. Wannan ne ya fi tsorata ni.

Anti ta tare ni a bakin ƙofa, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. “Waiwaye? Waiwaye fa! Abin da kika fi iyawa? Wata guda kina huda mini kunne da ido, yau kuma wuyanki ya sage?” Na ce ban sani ba. Tana cikin tauna cingam sai ta hango mutumin yana wucewa da fayil a hammata. Dattijo ne, da furfura a gemu, ya yi sa'an Babana. Ta dube shi, ta dube ni.

Ta ce, “Ke. Kunyarsa kika ji?”

Na buɗe baki in musa, sai na ga babu abin musu. Tun da ya shigo motar ya zauna a gefena na sunkuyar da ido na gaishe shi, ban sake ɗagowa ta wajensa ba. Ta yaya zan juya fuskata in saka ta cikin ta dattijo, tsakaninmu bai fi tafin hannu biyu ba? Ba shawara na yanke ba. Wuyan ne da kansa ya san abin da aka koya masa tun ina yarinya, ya yi abinsa.

Anti ta yi dariya har ta dafa mota, sannan ta daina, don ta ga fuskata. Ta ce laifinta ne, da ta sani da ta haɗa ni da namiji tun farko. Ta ce nan ƙasar tarbiyya ba ta cin jarrabawa.

Ban je asibiti ba jiya. Na aika Ummi ta ce masa an riƙe ni a wurin aiki.

Asabar, da yamma

Gurbi ɗaya ya rage kafin ƙarshen wata, ranar Laraba ta makon ƙarshe. Anti ce ta samo shi, ta zauna kan waya tun safe kamar mai jiran haihuwa. Na tambaya ko za a iya roƙa a ba ni mace. Ta ce ba a zaɓe, wanda ya fito shi ne naki.

In na sake faɗi shi ke nan. Jirgin ƙasa, rabin yini, ranar Lahadi kawai. Mutumin da ko ruwa ba ya iya nema da yarensu in ransa ya ɓaci.

Litinin, bayan aiki

Anti ta zo da dabara. Ta ɗaura wa filo bel a kujerar gaba, ta kafa masa hular mijinta, ta zana masa gemu da jan baki, ita ta koma baya. Wai ga Alhaji, in gaishe shi. Na waiwaya lafiya lau, har na ce masa ya gyara hularsa. Muka yi ta dariya kamar ba mu da damuwa. Da muka tsaya ta ce, “Banza ne wannan. Kin san filo ne. Nemo mini namiji mai numfashi, wanda kike jin nauyinsa.”

Mutum ɗaya ne a garin nan.

Laraba, da yamma

Kawun su Ummi mai tasi, wan Baban Ummi. Shi ya riga mu zuwa ƙasar nan, shi ya tarbe mu a filin jirgi. Shekara goma sha takwas ina auren ƙanensa, har yau Amarya yake kirana, kuma in za a yanka ni ban san kalar ƙwayar idonsa ba. In ya shigo ina durƙusawa daga bakin ƙofar kicin in gaishe shi, ya amsa yana kallon talabijin. Haka muke, kuma muna ganin girman juna a haka. Ya so ya ɗauki nauyin kai ƙanensa gashin, amma kamfaninsu ba sa ba da safiya, ga 'ya'ya biyar a ɗaya ƙarshen gari.

Ummi na tura ta gaya masa, don bakina ba zai iya ba. Ya zo yau da mukullin motar ƙanensa. Ya share ganyen da hannunsa, ya duba mai, ya tayar da ita.

Ban shiga motar nan ba tun ranar. Ƙamshin turarensa yana nan. Carbinsa yana rataye a madubi. Kujerar direba tana can baya daidai tsawon ƙafarsa, sai da na jawo ta gaba, na ji kamar na yi masa rashin kunya.

Yaya, wan nasa, ya zauna a gefe, a inda nake zama. Muka fita. Na zo kwanar farko na ce bismillah na juya, sai na tarar da ƙeyarsa. Ashe shi ma ya juya yana kallon taga don ya sauƙaƙa mini! Haka muka zagaya unguwa, ina waiwayowa yana kaucewa, kamar masu wasan ɓuya. Ummi a baya ta toshe baki da mayafi har hawaye. Daga ƙarshe ta ce, “Kawu, ai in kana juyawa ba a yi komai ba. Mai jarrabawar ba zai juya ba.”

Ya yi gyaran murya. Ya ce, “Haka ne.” Ya miƙe zaune ya kafe idonsa a gaba kamar za a ɗauke shi hoton fasfo. Ya ce, “Amarya, ki ɗauka buhun shinkafa ne a nan. Ki duba abinki.”

Na kai rabi wuyana ya dawo da kansa. Sau uku.

Alhamis, bayan azahar

Na je. Kujera, taga. Ya tambayi jarrabawa, na ce an ɗaga. Da sauƙi.

Asabar, da rana

Mun yi faɗa da Ummi a kicin. A kan wanke-wanke aka fara, ban san yadda aka yi muka iso nan ba. Ta ce, “Mama, ni fa ban yarda kunya ce kaɗai ba.” Na ce to likita, mece ce? Ta ce, “Me ya sa kullum sai kin ɗauke kujera kin zagaya? Nas ta ajiye ta a hagunsa, ke ki kai ta dama. Wata biyu. Ni ce nake goge masa baki. Ke ko sau ɗaya ba ki...”

Na ce ta fita ta ba ni wuri. Na ɗaga murya irin yadda ban taɓa yi mata ba, har maƙwabciya ta buga bango.

Yarinyar nan ba ta san komai ba. Ba ta cikin motar ranar da abin ya same shi. Daga kasuwa muke, yana ba ni labarin wani fasinja yana dariya, sai labarin ya narke a bakinsa. Na juyo in ce me ka ce. Abin da na gani na gani. Motar ta hau dakalin titi a hankali ta tsaya da kanta, ni kuma ina ta kiran sunansa, sunansa na gaskiya, wanda ban taɓa faɗa a gabansa ba.

Ba zan ƙara rubutu a kan wannan ba.

Lahadi

Ta dafa shayi ta ajiye mini a bakin ƙofa.

Litinin, hutun ƙarfe goma

Yaya ya sake zuwa jiya da yamma. Buhun shinkafa ya zauna, na kai rabi na dawo. Da muka tsaya bai fita ba. Yana kallon gaba ya ce, “Amarya, ni na yi wa ƙanena aski ranar Juma'a. Yana nan fa. Shi ne dai.” Ya buɗe ƙofa ya tafi ko sallama babu, na ga yana goge ido da hularsa.

Ashe kowa ya lura. Ni kaɗai nake zaton na iya ɓoyewa.

Talata, bayan la'asar, a barandar asibiti

Gobe ne.

Na roƙi shugabarmu ta sake ni da wuri. Na same shi yana barci. Kujerar tana inda nas take ajiye ta, ɓangaren ƙofa. Na kama ta zan ɗauka, sai na ji na gaji. Wallahi ba jarumta ba ce, gajiya ce. Na zauna a wurin.

Na fara da hannun, wanda yake kwance a kan filo kamar ba nasa ba. An yanke masa farce. Sannan kafaɗa. Sannan na ɗaga ido.

Kuncin ya sauko. Gefen bakin ya saki, da ɗan danshi a wurin. Fatar idon ba ta rufe duka ba. Na tsaya ina jiran abin da ya kama ni a mota ya sake kama ni, ya zo, ya matse mini ƙirji, na ƙi kawar da kai. Na ci gaba da kallo har ya gaji ya sake ni. Sai na ga tabon da ke ƙasan kunnensa, na ƙarfen da ya yanke shi yana yaron mota. Na manta ma a wannan ɓangaren yake. Yaya ya bar masa gashi kaɗan a wurin, bai iya aski ba sam.

Na ciro gefen mayafina na goge masa bakin. Bai farka ba. Na yi kuka mai isata, marar sauti, har mai shara ta shigo ta fita a kan yatsun ƙafa.

Ban sani ba ko wannan zai yi wa wuyana amfani gobe. Ba don shi na yi ba.

Laraba, da rana, a motar Anti

Shi ne dai. Dattijon nan mai furfura. Da muka hango shi da fayil, Anti ta ce, “Innalillahi, Alhajinki ne.”

Ya shigo, na gaishe shi ido a ƙasa, wannan kam ba zan fasa ba. Muka fita. Kwanar farko ta dama ce. Madubi. Sigina. Na ji wuyan yana neman yin nasa, na ce masa yau ba kai ke tuƙi ba. Na juya gaba ɗaya. Ga fuskarsa dab da tawa. Gashi ne cike da kunnensa, kuma ya yanke kansa wurin aski. Bayansa ta gilas ga titi, ga wata mata da keken jariri tana jira. Shi ke nan abin da ke wurin.

Daga nan na yi ta juyawa, har inda ba a buƙata. Da muka dawo ya ce in rage kaɗan, kada in manta gaba ma akwai titi. Sannan ya miƙo mini takardar.

Anti ta rangaɗa guɗa a harabar mutane, wani mai gadi ya fito da gudu. Ta ba ni cingam, na karɓa, ni da ba na ci.

Alhamis, da safe

Na kai wa matar ofishin takardar. Ba ta miƙo mini ruwa ba. Ranar Litinin za mu ɗauko shi.

Na share ɗaki, na matsar da gado, Yaya ya kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, a karkace. Na amsa saƙon yayarsa na ce da sauƙi, na ji kalmar ta yi wani iri a bakina, don yau da gaske nake.

Litinin, bayan la'asar, a gida

Yana ɗaki yana barci, a gadonsa. Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara gyara labarin ba.

Da za mu fito, mai yi masa gashi ta biyo mu har bakin mota tana yi wa Ummi bayani. Ummi ta juya mini. Wai in tuna, duk abin da yake hagunsa, a wurinsa babu shi. Ba makanta ba ce, idon lafiyarsa ƙalau, kan ne ya daina lissafi da wannan ɓangaren. Sai an juyo da shi ake samunsa. Wai shi ya sa suke ajiye kujerar baƙi a hagu, don ya riƙa ƙoƙarin nema. Ummi ta ce an taɓa faɗa mana tun farko. Wataƙila. A makonnin nan abubuwa da yawa an faɗa mini na gyaɗa kai kawai. Yau ma na gyaɗa, hankalina yana kan yadda za a naɗe keken guragunsa a but ɗin mota.

Nas biyu suka zaunar da shi a kujerar gaba suka ɗaura masa bel. Ya shafa gaban motar da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana shafawa. Ummi ta shiga bayansa. Na zagaya na zauna, na gyara madubi, na yi bismillah. Na yi ribas ɗin da ko Anti sai ta tafa. Ina ta jira ya ce wani abu. Na shirya amsoshi tun jiya, in ya ce na cika taka burki ga abin da zan ce, in ya ce a ba shi sitiyarinsa ga abin da zan ce.

Muka fita ƙofar asibiti, muka hau babban titi. Yana kallon shaguna ta tagarsa. Can ya ce, “Ummi.”

“Na'am, Baba.”

“Direban nan... yana da hannu. Wa ya turo shi?”

Ummi ta yi dariya, ta zaci zolaya ce. Ni ma haka na zata, har na buɗe baki. Sai ya ce, a hankali, da muryar da ba ta wasa ba, “Mamanki fa? Kullum tana zuwa. Yau da za a tafi gida... ba ta zo ba?”

Na ce, “Baban Ummi, ga ni nan.”

Ya ji muryar. Na ga ya ji ta. Ya neme ni a taga, ya neme ni a madubin gefensa, ya yi ƙoƙarin leƙa baya ta dama. Kafaɗata tana kusan taɓa tasa.

Danja ta yi ja. Na tsaya, na ja burkin hannu. Na miƙa hannu na kama haɓarsa, ta wajen da ya saki, na juyo da fuskarsa a hankali har idonsa ya faɗo cikin nawa. Ya dube ni. Ya dubi sitiyarin, ya sake dubana. Rabin fuskarsa ya yi murmushi, ni kuwa duka biyun nake kallo.

Ya ce, “Ke ce?”

Na ce, “Ni ce. Ka samu direba, sai ka fara tanadin kuɗin mota.”

Ya ce, “Maman Ummi... ashe kin zo.”

Aka ba mu hannu. Dole na sake shi na kama sitiyari. Ina gani ta gefen ido fuskarsa tana komawa wajen taga kaɗan-kaɗan, kamar ƙofar da ba a sa wa sakata ba. Ba mu kai shataletale ba ya sake tambayar Ummi ina mamanta. Ina jin numfashin Ummi a bayana.

Na ce, “Tana nan. Jira mu kai danja.”